Filin Tambaya da Amsa: Shirya Gasar Kacici-kacici Kai Tsaye a Talabijin

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a kwanan nan daga ɗaliban aikin jarida suke, waɗanda aka ɗora wa nauyin shirya gasar kacici-kacici da za a watsa kai tsaye. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, mun kuma taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Malaminmu ya ba mu minti 30 cif mu shirya gasa tsakanin rukuni biyu, kuma ni aka naɗa furodusa. 'Yan ajinmu kowa maganar kyamara da adon sutudiyo yake yi, ni kuwa na rasa ta inda zan fara. Daga wata ɗaliba a aji uku.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙyale su da maganar kyamara tukuna, ki ɗauko takarda da biro. Abin da za ki fara rubutawa shi ne dokokin gasar, kuma kada su wuce shafi ɗaya. Maki nawa amsa daidai take ci? Wanda ya danna ƙararrawa ya faɗi ba daidai ba, za a zaftare masa maki ne, ko tambayar ce kawai za ta koma ga abokan karawa? Sakan nawa aka ba mutum ya amsa bayan ya danna? An yarda 'yan rukuni su yi shawara da juna? Idan mutum ya faɗi amsa sannan ya gyara, wacce za a karɓa? In aka tashi kunnen doki fa? Duk wadda kika bari babu hukunci a cikin waɗannan, ita ce za ta tayar da gardama a gaban kyamara, kuma a shirin kai tsaye ba a cewa a tsaya a sake. Dokoki masu kyau su ne waɗanda mai gabatarwa zai bayyana cikin sakan 30 mai kallo ya gane. In sun fi haka, a rage su.

Daga nan sai jadawalin shiri. Kowane sashe layinsa daban: lambarsa, abin da ke faruwa a ciki, tsawonsa, lokacin da zai fara, kyamarar da za ta buɗe shi, sautin da za a saka, da rubutun da zai fito a allo. Misali, taken buɗewa sakan 30, gaisuwa da dokoki minti ɗaya da rabi, gabatar da masu fafatawa minti 2, zagaye na farko minti 8, hutu minti 1, 'yar hira da masu fafatawa minti 2, zagaye na biyu minti 8, sai minti 1 na karanto maki da bayanin zagayen ƙarshe. Wannan ya kai ki minti 24.

Sauran minti 6 ɗin daga ƙarshe ake lissafa su, a dawo baya, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Shiri zai ƙare a minti na 30. Sunayen ma'aikata za su ci sakan 30, don haka dole su fara tafiya a 29:30. Sallamar mai gabatarwa minti 1, za ta fara a 28:30. Bayyana zakaru da miƙa kyauta minti ɗaya da rabi, a fara a 27:00. Zagayen ƙarshe minti 3, to dole ya tashi a 24:00, ko da an yi latti a baya. Ki rubuta waɗannan lokuta huɗu da jan biro. Idan zagaye na farko ya zarce da sakan 40, ba daga ƙarshen shiri za a biya bashin ba, daga hirar nan ta minti 2 za a cire. Don haka ma aka saka ta: sashe ne da za a iya miƙa shi ko a takure shi ba tare da mai kallo ya lura ba. Haka kuma ki sa zagayen ƙarshe ya zama na agogo, wato a yi ta jefa tambayoyi har minti 3 su cika. Kada ki ce tambaya goma ko ashirin, domin ba ki san tsawon lokacin da za su ci ba.

Tambaya mai ƙararrawa, daga karantawa zuwa amsa zuwa tabbatarwar mai gabatarwa, takan ci wajen sakan 25. Ta zagayen sauri wajen sakan 8. Kenan shirinki zai cinye tambaya 60 ko kusa da haka. Ki tanadi 90, saboda rukuni mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya ƙarar da tambayoyinki tun lokaci bai cika ba.

TAMBAYA: Malam, mun kwafo tambayoyi kusan ɗari daga intanet da amsoshinsu. Ina ganin wannan ɓangaren ya kammala, ko akwai sauran aiki? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa, aikin ma yanzu ya fara. Tambayar da aka kwafo, abokan karawa ma suna iya cin karo da ita, sannan amsoshin irin waɗannan shafuka sukan tsufa ba tare da kowa ya gyara ba. Shekara da shekaru amsar "wace ƙasa ce ta fi yawan jama'a" ita ce Sin, amma a 2023 ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna Indiya ta wuce ta. Tsofaffin littattafai suna cewa duniyoyi tara ke zagaya rana, alhali tun 2006 masana taurari suka fitar da Pluto daga wannan sahu, suka zama takwas. Ka tambayi babban birnin Afirka ta Kudu, wani ya ce Pretoria, wani ya ce Cape Town, wani Bloemfontein, kuma kowannensu yana da hujja, domin ƙasar ta raba mazaunin gwamnati, majalisa da shari'a. Kogi mafi tsawo a duniya ma akwai masu ja tsakanin Nilu da Amazon. Irin waɗannan ko dai a jefar da su, ko a ɗaure su da sharaɗi, kamar a ce "a wane birni majalisar dokokin Afirka ta Kudu take zama", wanda amsarsa ɗaya ce tak.

Kowace tambaya a tabbatar da ita daga madogara biyu waɗanda ba kwafar juna suka yi ba, kuma mai tabbatarwa ya zama ba shi ne ya rubuta ta ba. Wanda ya rubuta tambaya ya riga ya san abin da yake nufi, shi ya sa ba ya ganin inda take da fuska biyu. Ka ba wani ya karanta da ido na mai neman laifi.

A kan katin mai gabatarwa, a ƙarƙashin amsa, a rubuta abin da za a karɓa da abin da ba za a karɓa ba. Idan amsar sunan mutum ce, sunan ƙarshe kaɗai ya wadatar, ko sai an cika? Idan shekara ce, a bayyana cewa sai an faɗe ta daidai. Sunayen da ke da wuyar furtawa a rubuta su yadda ake faɗarsu, da manyan haruffa. Kati ɗaya tambaya ɗaya, da lamba a kusurwa, a huda katunan a zura musu zobe, don in sun faɗi ƙasa kada su tarwatse.

Sai a karanta kowace da babbar murya ana riƙe da agogo. Wadda ta wuce sakan 10 a karantawa ta yi tsawo. A zagayen ƙararrawa a kula da ginin jimlar, saboda mutane suna dannawa kafin a gama. Idan ka fara da bayanin wata ƙasa, sai a ƙarshe ka ce "wane ne shugabanta na farko", wanda ya danna da wuri zai faɗi sunan ƙasar ya faɗi, alhali ya san abin. Fara da "wane shugaba ne", kowa ya san abin da ake nema tun daga kalmar farko.

Game da wahala, ra'ayinmu shi ne tambayoyin farko su zama masu sauƙi ƙwarai. Masu fafatawa suna cikin fargabar fitilu da kyamara, amsa biyu ko uku daidai ita ke kwance musu jiki, mai kallo a gida kuma yana so ya riga su faɗa. Tambayar da babu wanda ya sani a sutudiyo shiru kawai take haifarwa, kuma shiru uku a jere yana kashe shiri. Ta raba gardama kuwa ta zama ta adadi, wanda ya fi kusa ya ci: tsawon dutsen Everest da mita, misali, wanda awon 2020 ya ba da 8,849 in an cike. Kowane rukuni ya rubuta a allo, a ɗaga tare.

TAMBAYA: Mu takwas ne kacal a rukuninmu, ban da mai gabatarwa. Za mu iya kuwa? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Za ku iya, malama, in kun san ayyukan da ake haɗawa da waɗanda ba a haɗawa. Furodusa ya zama shi ne alƙalin gasa, yana riƙe da kwafin tambayoyi yana kuma rubuta maki a takarda. Darakta ya haɗa da danna na'urar sauya hoto da kansa. Mutum ɗaya a kan sauti, ɗaya a kan rubutun allo da makin da ake nunawa, ɗaya mai kula da fili a cikin sutudiyo, biyu a kan kyamara, kyamara ta uku kuma a kafe ta a kan hoto mai faɗi babu mai riƙe ta. Na takwas shi ne mai lokaci, kuma shi kam kada a ƙara masa ko da ɗauko ruwa. Agogo biyu ne a gabansa, ɗaya na shirin gaba ɗaya, ɗaya na sashen da ake ciki, yana ƙirgawa a layin magana, wato na'urar kunne da ma'aikata ke jin juna da ita: saura minti ɗaya, saura 30, saura 10, tara, takwas.

Mai kula da fili shi ne bakin darakta a cikin sutudiyo. Yana tsayawa dab da kyamarar da mai gabatarwa ke kallo, yana ba shi alama da hannu: yatsu na ƙirga sakan, juya yatsa na nufin a hanzarta, jan hannaye biyu a hankali na nufin a ja lokaci. A zauna a amince da alamun nan tun kafin ranar.

Layin magana kuwa na darakta ne da mai lokaci. Sauran su yi shiru sai an tambaye su ko wani abu ya lalace.

TAMBAYA: Ni ne darakta, kuma kyamara uku muke da su. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ban san wanda zai danna ƙararrawa ba, to yaya zan kama fuskarsa a kan lokaci? Daga wani ɗalibi a ajin ƙarshe.

AMSA: Tsoronka yana kan hanya, ɗan'uwa, domin a nan kacici-kacici ya bambanta da labarai ko hira. Maganinsa shi ne kowace kyamara ta san aikinta tun kafin a fara, kada ka riƙa nemo hoto bayan abu ya faru.

Jera kyamarorin daga hagu zuwa dama, ɗaya, biyu, uku, yadda suke a allon gabanka. Ta tsakiya ita ce kafaffiya, tana ɗauke da kowa da kowa. Ita ce mafakarka: duk lokacin da ka rikice, koma mata, ka numfasa, sannan ka ci gaba. Idan mai gabatarwa yana gefe ɗaya, masu fafatawa suna ɗaya gefen, to kyamarar hagu ta ɗauki wanda ke dama, ta dama ta ɗauki waɗanda ke hagu. Wannan giciye shi ke ba ka fuska sosai, ido biyu a bayyane. In kowace ta ɗauki na kusa da ita, kunne da ƙeya za ka samu. Dukkansu kuma su tsaya a gefe ɗaya na layin da ya haɗa mai gabatarwa da masu fafatawa. Kyamarar da ta tsallake layin nan za ta nuna su suna kallon gefe guda, kamar ba da juna suke magana ba.

Ga yadda tambaya ɗaya take tafiya. Mai gabatarwa yana karantawa, kana kansa. Kafin ya kai ƙarshe ka yanka zuwa hoto mai faɗi, inda za a ga fitilar wanda ya danna ta kama. A wannan sakan ɗin mai kyamarar masu fafatawa, wanda yake jira da hoton rukunonin biyu, ya juya ya matso kan wanda fitilarsa ta kama. Da hotonsa ya tsaya, ka ɗauke shi. Mai gabatarwa ya kira sunan wanda ya danna kafin a amsa, wannan yana ba mai kyamara sakan ɗaya ko biyu da yake buƙata. Bayan amsa kada ka yi saurin komawa kan mai gabatarwa, ka bar fuskar nan ta nuna murna ko takaici, domin abin da mai kallo ya zo gani kenan.

Umarni kashi biyu ne kullum, kuma lamba ke fara zuwa: "Uku, shirya. Ɗauki uku." Mai kyamarar da jar fitilarsa take kunne, alamar hotonsa ne ke kan iska, ba ya motsi, ba ya gyara hoto.

Kafin shiri, a kunna fitilun da za a yi aiki da su, a riƙe farar takarda a inda mutane za su zauna, kowace kyamara ta daidaita farinta a kai. In ba haka ba, fuska ɗaya za ta fito ja a wannan kyamara, shuɗiya a waccan. Kada a gauraya hasken taga da fitilun sutudiyo masu ɗumi, domin a ma'aunin launin haske na rana yana wajen Kelvin 5600, nasu 3200, sai a rufe tagogi. A kashe daidaita haske da kaifin hoto na kai-da-kai, a saita da hannu, don kada wani ya ɗaga farin allo hoto ya dushe. Idan hoto yana ƙyalƙyali a ƙarƙashin fitila, a sa saurin ɗaukar kyamara a kan 1/50 inda wutar lantarki ke bugawa sau 50 a sakan, ko 1/60 inda take bugawa sau 60. A gaya wa masu fafatawa su guji tufafi masu ƙananan ratsi, saboda suna rawa a allo.

Wayoyin da ke kai hoto daga kyamara iri biyu ne aka fi sani, HDMI da SDI. Wayar HDMI ba ta da makulli, ƙafa ɗaya ta taɓa ta sai hoto ya ɗauke, kuma in ta wuce mita 10 zuwa 15 ba a cika dogara da ita ba. SDI tana murɗawa ta kulle, tana kuma kai wajen mita 100. In HDMI kuke da ita, a manne kowace mahaɗa da tef, a kuma manne wayoyin a ƙasa.

TAMBAYA: Ba mu da ƙararrawa ta gasa. Wani ya ce mu yi amfani da manhajar waya, kowa ya danna a wayarsa. Ya halatta? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ba mu ba da wannan shawara ba. Saƙon kowace waya yana bi ta hanyar sadarwa, kuma jinkirin wannan ba ɗaya yake da na waccan ba, sai wanda ya riga dannawa ya zo na biyu. Ga shi kuma ka sa wa mai fafatawa intanet a hannu yana tsakiyar gasa. Abin da ake buƙata shi ne maɓallai masu waya da aka haɗa da na'urar da ke kulle sauran da zarar na farko ya shiga, ta kunna fitilarsa, ta yi ƙara, sannan alƙali ya danna nasa maɓallin ya buɗe don tambaya ta gaba. Ɗalibin injiniyan lantarki zai haɗa muku wannan da Arduino, wani ƙaramin allon lantarki da ake tsara masa aiki ta kwamfuta. A gwada kowane maɓalli sau da yawa, a kuma gwada danna biyu a tare. A gwaji ne za ku gano matsalar da aka fi samu, wato alƙali ya manta bai buɗe ba, tambaya ta wuce kowa yana dannawa babu abin da ya kama. In na'urar ba ta samu ba, a canza tsarin gasar zuwa bi da bi, kowane rukuni da tambayarsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

TAMBAYA: Malam, a gwajin da muka yi hoto ya yi kyau, amma da muka saurara sai muka ji murya tana riga baki, wani lokaci kuma lasifika ta yi kuwwa. Mene ne dalili? Daga wata mai kula da sauti.

AMSA: Matsala biyu ce, kowace da sanadinta. Hoto yana bi ta kyamara, ta na'urar sauya hoto, wani lokaci ta kwamfuta, kuma kowace tana riƙe shi na ɗan lokaci. Sauti kuwa daga na'urar haɗa sauti yake fita kai tsaye, shi ya sa yake riga. Sai a jinkirta sautin. A tsarin hoto 25 a sakan, kowane hoto ɗaya daidai yake da milisakan 40. Ki sa mutum ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, ki naɗa, ki duba hoto nawa ne tsakanin ƙarar da haɗuwar tafin. In biyu ne, ki sa jinkirin milisakan 80. Manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, tana da gurbin saka wannan a kan kowane sauti, haka ma yawancin na'urorin sauya hoto.

Kuwwa kuma tana faruwa ne idan makirufo ya ji muryarsa tana fitowa daga lasifikar da ke cikin sutudiyo, ya sake aika ta, ta sake dawowa. Lasifikar sutudiyo a ba ta kiɗa da ƙarar ƙararrawa kawai, kada a tura mata muryoyin mutanen da ke ciki. Wannan ƙa'idar ce kuma take aiki idan za ku karɓi mai kira ta waya: a tura masa duk sautin shiri ban da muryarsa, in ba haka ba zai riƙa jin kansa bayan ya yi magana, ya rikice.

Makirufon maƙalawa a sa shi a ƙirji, wajen santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa, nesa da sarƙa ko mayafin da zai riƙa gogarsa. In babu isasshe, makirufon tebur ɗaya tsakanin mutum biyu ya wadatar, amma a shimfiɗa masa soso, domin dukan maɓalli yana bi ta katako ya shiga. A sa sababbin batura kafin shiri ko da na gwaji sun nuna da saura. A ajiye makirufon hannu mai waya a kusa da mai gabatarwa, an riga an gwada shi, an rufe layinsa, yana jira.

Wajen gwada murya kada ki ce su ƙirga ɗaya, biyu, uku, domin a hankali za su faɗa. Jefa musu tambayar wasa su amsa da ƙarfi yadda za su yi in gasa ta yi zafi. Ki saita yadda magana za ta riƙa yawo a wajen -18 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙololuwarta kada ta wuce -9, don tafi da ihun murna su sami wuri. Ki kuma tuna makirufon mai gabatarwa a lokacin hutu: ki rufe shi da kanki, kada ki dogara da cewa ya san yana kunne.

TAMBAYA: Rukuni ɗaya ya fi ɗayan ƙarfi nesa ba kusa ba. Wasu a cikinmu suna cewa mu ɗan haska wa masu raunin wasu tambayoyi don gasar ta yi armashi, tunda aikin makaranta ne kawai. Me kuka gani? Daga wani furodusa.

AMSA: Kada ku kusanci wannan, ɗan'uwa, ko da wasa. Wannan tunanin ne ya rusa manyan shirye-shiryen kacici-kacici a Amurka. A shirin Twenty-One na tashar NBC, Charles Van Doren, malami a Jami'ar Columbia, ya yi ta lashe gasa a 1956 da 1957 har ya zama sananne a ƙasar baki ɗaya. A 1959 ya amsa a gaban kwamitin majalisar dokoki cewa ana ba shi amsoshi tun kafin shiri. Ya rasa aikinsa, kuma a 1960 aka yi dokar da ta mayar da maguɗin irin wannan gasa laifi. A Birtaniya ma, a shirin yara na BBC mai suna Blue Peter, layin waya ya samu matsala ana tsakiyar gasa kai tsaye a 2006, sai aka sa wata yarinya da ta zo ziyara sutudiyo ta yi kamar ita ce ta kira ta ci. A 2007 Ofcom, hukumar da ke sa ido a kan kafofin watsa labarai a Birtaniya, ta ci tarar BBC fam 50,000. Abin lura a nan, ba kuɗi aka so ci ba, so aka yi a rufe matsala don shiri ya tafi sumul. Ɗalibin da ya saba da wannan a makaranta, da shi zai shiga aiki.

Akwai hanyoyin halal na hana gasa mutuwa da wuri. A cakuɗa masu ƙarfi da masu rauni tun wajen kafa rukuni. A sa zagaye ɗaya na bi da bi, inda kowa yake da tabbacin samun tambayarsa. A ninka makin zagayen ƙarshe, a kuma sanar da haka tun farko.

Tambayoyin su tsaya a hannun mutum uku: marubuci, mai tabbatarwa da alƙali. Mai gabatarwa ya gan su a keɓe don ya gwada furuci. Gwaji kuma da tambayoyin bogi ake yinsa, da wasu mutane a kujerun masu fafatawa. A duba kuma kada amsa ta ɓulla ta bayan gida: talabijin ɗin da ke cikin sutudiyo kada ya nuna rubutun da ake shirin fitarwa, kuma a juya shi yadda masu fafatawa ba za su gani ba in ana nuna wa 'yan kallo amsa.

TAMBAYA: In wani abu ya lalace muna kan iska, ko muka gano mun ba da maki bisa kuskure, me za mu yi? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yar'uwa. Ku zauna tun kafin ranar ku rubuta abin da kowa zai yi in kaza ya faru, sannan a gwajin ƙarshe furodusa ya lalata abu da gangan ba tare da sanarwa ba: ya zare wayar kyamara ɗaya, ya kashe makirufo, ya ga yadda za a yi. Gwaji uku ake so. Na farko a zaune da takarda, ana bin jadawali layi-layi. Na biyu da kyamara, ana tsayawa ana gyara. Na uku daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ko me ya faru.

Kyamara ta mutu, darakta ya koma hoto mai faɗi, ragowar ta riƙa aikin biyu. Makirufo ya mutu, mai kula da fili ya miƙa na hannu. Kwamfutar maki ta tsaya, mai gabatarwa ya karanto daga takardar alƙali, a ajiye kuma ƙaramin allo da alli a gefe. In abin ya fi haka, a sami hoton taken shiri da kiɗa a shirye a kan maɓalli ɗaya, da wani ɗan bidiyo na sakan 60 zuwa 90 da za a saka a sami damar gyara. Kiɗan ya zama wanda kuke da izininsa, domin YouTube da Facebook suna gane kiɗan da ke da mai shi, suna iya toshe sauti ko su katse watsawar. Na'urar sauya hoto, ta sauti da kwamfutar watsawa a jona su a batirin ko-ta-kwana. In ta intanet za ku watsa, ku yi amfani da waya maimakon Wi-Fi, kuma ƙarfin turawarku ya ninka abin da kuke aikawa: mai aika megabit 5 a sakan yana son layin da ke ɗaukar 10.

Maki kuwa mutum biyu ke riƙe shi, na allo da na takarda, suna gwada lissafinsu a ƙarshen kowane zagaye kafin mai gabatarwa ya furta. In an gano kuskure, alƙali ya faɗa wa mai gabatarwa a kunne, shi kuma ya gyara a gaɓa ta gaba, a fili, cikin jimla biyu: amsar da rukunin kaza ya bayar a tambaya ta bakwai daidai ce, an mayar musu da makinsu. Lallai a yi wannan kafin a shiga zagayen ƙarshe, domin rukuni yana lissafin kasadar da zai ɗauka ne da tazarar da yake gani a allo. Kafin a bayyana zakara kuma, alƙali ya rubuta sunan rukunin da makinsa da manyan haruffa a kati ɗaya, mai kula da fili ya kai hannu da hannu, mai gabatarwa ya karanta abin da ke rubuce.

Kowane mai fafatawa ya sa hannu a takardar amincewa da dokoki da kuma nuna fuskarsa kafin a kunna fitila, wanda bai kai shekara 18 ba kuma waliyyinsa ya sa masa. A naɗi shirin a wuri biyu, a kwamfutar watsawa da kuma cikin katin kowace kyamara, saboda in watsawa ta katse a minti na 20, wannan naɗin ne za ku miƙa wa malaminku.